Gaɓa ta Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Kafin ladanin Futuk ya kira assalatu
na ɗaure takalmi, na rataya tocila,
littafin awo a aljihu, jan alli a hannu.
Aikina duba abin da ba mai sake gani
in an tura masa ƙasa.

Bututu kwance kan buhunan yashi,
baƙi wuluk, kamar mesa ta ƙoshi.
Ya ratsa gonar gyaɗar Malam Jibo,
ya tsallake kwarin da shanun Arɗo Sambo ke sha,
ya miƙe gabas, ya yi nisa.

Ina bin sa a ƙafa, gaɓa bayan gaɓa.
In zura tef a rami: ƙafa huɗu aka ce,
uku da rabi ba huɗu ba ce.
In shafa rigar robar da ke jikinsa,
don ƙwarzane ɗaya, ko na farce ne,
ƙofa ce a buɗe ga tsatsa.

Ɗantani mai walda gwani ne, na shaida.
Shekara sha tara yana ɗinkin ƙarfe,
ido ya yi ja, hannu bai taɓa rawa ba.
Amma ran Laraba iska ta taso da la'asar,
ɗansa kuma na kwance a asibitin Alkaleri,
hankali rabi nan, rabi gun yaron nasa.

Da dare na ɗaga hoton gaɓar a fitila,
irin wanda likita ke ɗauka in an karye.
Ga tsagi siriri, bai kai gashin gira ba.
Na cire tabarau, na goge, na mayar.
Yana nan. Ba wasa.

Gari ya waye, ashe har sun binne ta.

"Injiniya Kaltume," in ji Gidado, wakilin ɗan kwangila,
"damina na bakin ƙofa, katafila haya ce.
Wannan ɗan tsagin, ko sauro ba zai shige ba."
Ya miƙo biro da hannun dama,
da hagu ya turo ambulan kusa.

Ban yi masa wa'azi ba.
Na ce ya raka ni, taku sittin kacal,
bakin rijiyar Inna Dudu.
Ta ja guga, ta cika moɗa, ta ba baƙo.
Ya shanye, ya ce kai, ruwan nan da sanyi.
Na ce: ɗanyen mai ba ya sallama, Gidado.
Zai yi shekara bakwai yana ɗiga a ɓoye,
ran da jikarta ta ji ɗaci a kunu
ni da kai muna wata jiha,
ita ce za ta rasa.

Kwana biyu ana tono.
Lebura suka daina gaishe ni,
mai shayi ya riƙa manta madarata,
na ji an laƙaba min Hana-Ruwa-Gudu.
Ɗantani ya sauka ramin da kansa,
ya yanke gaɓar, ya kai ta hasken rana,
ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba.
Ya ja gilashi kan fuska, ya kunna wuta,
bai ɗago ba sai da ya ƙarasa.

Muka ɗura wa bututu ruwa, muka matse shi.
Awa takwas ina zaune kan jarka,
ni da sauro da allurar ma'auni.
In ta sauka ko ƙanƙani, da saura.
Ba ta motsa ba.
Sannan na nemi birona, ba nasa ba,
na rattaba sunana a ƙasa.

Ladan wannan aiki shiru ne:
ba gobara, ba labari a rediyo.
Baɗi Malam Jibo zai yi huɗa a gefe,
ba abin da zai nuna mun zo
sai wani turke mai rawayan fenti,
wata akuya tana goga ƙeya a jikinsa.