Kama da Wane

Shekara ashirin da bakwai ina Kwari.
Ido rufe, da ɗan yatsa kawai
nakan raba atamfar asali da 'yar kwaikwayo.
Yau ga ni a soro bayan isha'i,
fitilar caji tana lumshe ido,
kalma biyu sun tare ni kamar 'yan karota.

Barira, autata, ita ce malamar.
Ta ce, "Baba, saƙon da ka tura wa mutumin Indiya,
ce masa ka yi kai boring ne,
wato kai ne mai gundurar jama'a."
Na ce, jiran kaya fa ya gundure ni!
Ta ce, "To bored za ka rubuta.
Wutsiya ce ta raba su:
ɗaya ɗan dako ne, ɗayan shi ne kayan."

Na ce, ba Ɗanjuma ne da Ɗanjummai ba?
Ta yi dariya har shayinta ya zube.

Sai ga sensible da sensitive,
shadda ɗaya, ɗinkin tela ɗaya.
Na farkon Alhaji Sambo ne, maƙwabcin rumfata,
mai auna magana kafin ya yanka.
Na biyun Tasi'u ne, yarona,
in ka ce ninkinsa ya karkace
ranar ko ƙosai ba zai ci ba.

Na ce Turawa ba su da tausayi,
su sauya wa kalma ɗankwali, su ce wata ce daban.
Barira ta jawo takarda, ta rubuta fari.
"Karanta, Baba."
Na ce fari mana, irin na yadi.
Ta ce, "Ni na rashin ruwan sama nake nufi."
Ta rubuta baƙi.
Na tsaya ina sosa ƙeya,
ban sani ba ko launi ne
ko masu sallama a ƙofa.

Ashe mu ma tagwayen na cikin gidanmu,
sabo ne ya hana mu ganinsu.

Da safe wata Hajiya daga Gwammaja
ta ɗaga turmi biyu, zane iri ɗaya,
ta ce, "Me ya sa wannan ya ninka wancan kuɗi?"
Na juya mata bakin zanen,
inda ɗan rubutun nan yake ɓuya.
Na ce, "Hajiya, dubi wutsiyar."

Da ta tafi na zaro waya,
na nemo mutumin Indiya,
ina danna harafi ɗaya-ɗaya,
kamar mai ƙirga canjin wani.