Tambarin Wasiƙa

Ni ke buɗe gidan waya na Cut Bank,
iskar Montana na neman ƙwace ƙofar daga hannuna.
Orrin Tveit ne ke riga kowa zuwa,
hula ta rufe kunnuwa,
ambulan a baje a hannu kamar karta,
amma ya ce shi ba caca yake ba.

"Karanta ƙa'idarsu, Marlys.
Zinaren wasa nake saye, na bogi, ko allura ba ya saye.
Ɗayan kuɗin kuwa gyara ne suke ɗora mini.
Gyaran ake juyawa, gyaran ake mayarwa dala.
Ina cacar take?"

Na ce an dai canza wa tuwo suna.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kamfanin ya bar wata 'yar ƙofa ta baya:
wanda bai son biya ya rubuto da hannunsa,
jimla guda, da alƙalami, kar harafi ya karkace,
sai a jefa masa tsaba kyauta.
Da wannan ƙofar suke rantsuwa gaban lauyoyi
cewa gidansu ba gidan caca ba ne.

Mutumin da ya noma alkama shekara arba'in
bai taɓa rubuta wa Gudrun ko layi ɗaya ba
har aka binne ta bayan coci,
shi ne yanzu ke rubuta ashirin a dare,
tabarau a kan hanci, kofi ya huce.
Rubutunsa ya yi kyau, gaskiya.
Kullum ƙara kyau yake.

Sau ɗaya ya ci dala ɗari uku da goma sha biyu.
Garin nan kaf ya ji labari.
Ya sa wa tsohuwar motarsa tayoyin ƙanƙara,
ya kawo mini cakulan.
Abin da ya fita kuwa ba mai shela.
Solveig ce ta gan shi a takardar banki,
dala tara, dala ashirin, dala tara,
ƙarfe biyun dare, ƙarfe uku saura,
kamar ɗigon rufin da ba wanda ya tara wa kwano.
Ta bugo mini daga Spokane tana kuka,
wai in daina sayar masa da tambari.
Na ce, 'yar nan, ba ni da wannan ikon.

Masu ikon suna Helena.
Suka zauna, suka ɗaga hannu, aka sa hannu.
Da kaka ta yi, aka kwashe alkama,
wayarsa ta ce masa cikin ladabi:
ba ma aiki a jiharku.
Ya kawo mini ita in duba ko ta lalace.
Lafiyarta lau.
Ta dai san inda yake tsaye.

"To wa aka ceta?" ya ce.
Na buɗe baki, na rufe.
Jirgin kaya na wucewa, tagogi na rawa,
muka jira shi tare, tarago ɗari da wani abu.

Ambulan bakwai suka dawo da jan hatimi.
Ni na miƙa masa su da hannuna.
Ya jera su, ya daidaita gefensu a kan kanta.

Jiya ya sayi tambari ɗaya tak.
Aikina ya hana ni leƙen adireshi
fiye da abin da rarraba ke buƙata.
Na leƙa. Spokane.
Ambulan ɗin na da nauyi, shafi uku ko huɗu.

Na bi shi da ido ta gilashi.
Ya tsallaka titi a hankali saboda santsi,
ya tsaya ƙofar mashayar Dunleavy,
inda injunan caca masu lasisi
ke ƙyafta ido tun kafin azahar.
Ya daɗe yana kakkaɓe takalminsa.

Sai wata mata ta shigo da kwali,
na juya ga sikeli.