Kwana Huɗu Ba Ƙasa

A Nima, kan tabarmar Inna, na baje kaya:
tabarau na roba, takalman agwagwa,
ƙwayar hana jiri, garin rogo ƙulli biyu.
Tulun iska sai a jirgi, in ji Ankra.

Inna na tsintar wake, ba ta ɗago ba.
"Kwana huɗu ba ƙasa, Mardiya?
In jirgin ya juya cikin dare,
ina gabas?"

Na iya lissafin numfashi,
na haddace yaren yatsu:
lafiya, mu hau, iska ta ƙare.
Wannan kam ban tambaya ba.

Talata teku na hutu.
Laraba da asuba, a Tema,
cikin takalmin hagu
na tsinci kamfas ɗin marigayi Baba,
naɗe a hankici.