Karo Na Biyu

Na baje takardun a kan tabarma
kamar mai shanyar kuɓewa.
An ɗauke wuta, Gwammaja ta yi tsit,
sai injin mai shayi ke tari a bakin layi.

Bara suka ce a'a.
Shafi biyu, ba zagi, ba gaisuwa:
wai ba su gamsu auren nan na gaske ba ne.
Ni da na yi jinyar gyatumarsa har ta cika,
ni da na san haƙorin da ke sara masa in ya sha ƙanƙara.
Kwana uku ina kuka.
A na huɗu na ɗauko biro, na bi laifina layi-layi.

Suna tukuna.
A fasfo, Balaraba Sadisu.
A takardar firamare wani malami ya mai da ni Balarabe.
A ta aure an liƙa mini Rimin Gado.
Mace ɗaya, suna uku!
Duk unguwa an san ni,
amma mai duba fayil bai taɓa shan ruwan Kano ba.
Na je kotu na rantse, na haɗe su wuri guda,
ɗinki dai sana'ata ce.

Shi ya rubuta a Kwari muka haɗu,
ni na ce a bikin Tasalla.
Babu maƙaryaci a cikinmu:
a Kwari ya gan ni, a biki na gan shi.
Ita takarda ina ta san wannan?

Sai kuɗin Kawu Lawan,
da suka kwana bakwai a asusuna
kamar 'yan gaisuwar mutuwa, suka koma gida.
Aka ce daga ina? Na rasa ta cewa.
Ashe ko a banki kayan aro ba ya rufe katara.

Kada ma a tuna mini mutumin Titin Gidan Zu,
mai shago da fanka biyu da baki kamar zuma.
Dubu tamanin ya karɓa,
ya buga mini wasiƙar da ya buga wa mata arba'in,
har da kewar dusar ƙanƙara
wadda ko a mafarki ban taɓa takawa ba.

Hotuna kuwa, duk na yini ɗaya ne,
ina cikin lulluɓi, shi can gefe kamar ɗan rakiya.
Saƙonninmu na shekara uku
na goge su da hannuna don waya ta cika,
na bar hotunan ɗinkin mutane.

Kunya aka koya mini, ita na iya.
Su kuma shaida suke so, mai kwanan wata.

To ga ta.
Rasit ɗin haya da sunanmu biyu.
Abin da yake turowa kowane ƙarshen wata,
ba yawa, amma bai taɓa fashi ba.
Katin awo, inda ya sa hannu a karkace don sauri.
Tikitin zuwansa da ƙaramar salla.
Jerin kira, kullum bayan asuba,
lokacin da yake sauka daga aikin dare
ni kuma ina hura gawayi.
An fassara ta kotu, an buga hatimi,
na duba kowane gurbi sau uku, ban bar ko ɗaya fayau ba.

Saura wasiƙar, kuma ni zan rubuta abata.
Ba zuma, ba ƙanƙara.
Zan faɗi yadda ya taya shadda ya kasa biya,
ya dawo washegari ba don shaddar ba.

Shekara shida ina ce masa Baban Ummi.
Yau fitilar waya na haska mini layin,
na waiga, ba kowa sai yarinya tana barci,
na rubuta a hankali:
mijina, Ashiru.