Abin da Ke Saman Silin

Ba na zuwa da ruwa, ba na zuwa da jiniya.
Tocila ce a jakata, da tef na awo, da jan biro,
sai tsani mai gurguwar ƙafa da Baba Gyang ke riƙe mini
yana cewa, "A hankali, Hansatu, sama ba ta gudu."

Asibiti ne mai hawa uku a bayan Farin Gada.
Fenti sabo, warinsa har yanzu yana hawa kai.
Tukwanen kashe gobara jajaye, reras a bango,
kamar 'yan makaranta ranar zuwan baƙi.
Manaja Barau ya nuna su da haɓa: "Kin gani? Mun cika."
Na ce na gani.
Ba su na zo gaisarwa ba.

Wurin ƙofa na zo.
Mai nauyin nan, tsakanin ɗakin haihuwa da matattakala,
wadda aka ƙera don ta rufe kanta ko ba kowa,
ta ce wa wuta: dakata nan, minti sittin.
Na same ta a wangale, an tokare ta da rabin bulo,
don masu jinya sun gaji da tura ta da kafaɗa.
Ban ga laifinsu ba. Na dai janye bulon.
Ta tafi, ta tafi, ta tsaya saura yatsa biyu.
Yatsa biyu!
Yaushe hayaƙi ya taɓa roƙon fiye da haka?

Sai na hau, na ɗaga fallen silin da tsakiyar kaina.
A nan gini ke daina ƙarya.
Bangon da ya tsaya ƙyam a ƙasa
ashe a sama ya gaji, ya zauna, saura kamu biyu ya taɓa rufi.
Duhu guda ne shimfiɗe bisa ɗakuna goma sha ɗaya,
tun daga kicin har kan gadon tsohon da ba ya iya juyi.
Mai famfo ya huda ya wuce.
Mai waya ya huda ya wuce.
An cusa buhun siminti da tsohuwar jarida,
an ce Allah ya kiyaye.
Amin. Shi ne kuma ya ce tashi in taimake ka.

Ina 'yar shekara tara kasuwar Taminus ta ƙone.
Babana ya dawo da hantsi, makulli a hannunsa,
makulli kawai, ba ƙofar da zai buɗe.
Ya daɗe yana juya shi, kafin ya ce,
"Wuta ba ta san inda shagona ya fara ba."
Tun ranar nake neman wanda zai koya mata iyaka.

Barau ba mugu ba ne.
Ya ce, "Shekara shida, ko ashana ba ta kama ba.
Kuɗin toshe ramukan nan gadaje huɗu ne."
Na ce, gadon ai don a kwanta ne,
ni kuwa lokacin tashi nake saya musu:
mintin da za a naɗe jariri a zane,
mintin da za a ciccibi tsoho a sauko da shi bene.
Ya kalli takalminsa. Na rubuta.
Ƙofa ta uku, ba ta kamawa.
Bangon yamma, a kai shi har rufi.
Ramuka goma sha huɗu, a toshe da abin da wuta ba ta ci.
Zan dawo bayan mako uku.

In aikina ya yi kyau, ba mai jin labarinsa.
Dare ne kawai zai wuce kamar sauran darare,
ko ɗaki ɗaya ya yi baƙi, goma su kwana lafiya.

Da zan fita, ruwa ya fara sauka daga wajen Shere.
Baba Gyang ya ɗauko rabin bulon nan a hammata,
ya kai shi can gindin gwaiba ya ajiye.
Bai dube ni ba ya ce,
"Matar ɗana a nan za ta haihu, watan gobe."