Littafin Bashi

Shekara goma sha tara nake dafa shayi a Ijora,
a gindin gada, inda jirgin ƙasa ke tari kafin ya wuce.
Tebur ɗaya, benci biyu,
da butar da ta girmi ɗana na fari.

Ranar Talata suka zo da jan fenti,
suka shafa alama a ƙofar kowa,
har ƙofar banɗaki ba su bari ba.
Wai Otumba ya sayi filin.
Fuskarsa ba mu taɓa gani ba,
sai gilashin motarsa, baƙi ƙirin,
in ka leƙa, kanka kake gani
da toka a goshi.

Kwana bakwai, in ji takardar.

Barau mai faci ya ce a tara tayoyi a cinna wuta.
Iya Morenike ta ajiye muciyar amala,
ta ce, "Hayaƙin hancin wa zai shiga?
Shi yana Ikoyi,
inda iska ma sai ta gaida maigadi."

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.
Abin da ba a faɗa ba,
yawa ba ya zuwa da ƙafarsa,
sai an bi shi ƙofa ƙofa, cikin taɓo,
wani ya zage ka, wani ya ce gobe.
Ɗari bibbiyu muka tara a gwangwanin madara,
Ndubisi mai gyaran janareto na ƙirgawa,
yana barin bakin mai a kan kowace naira.

Dare na uku ambulan suka fara yawo.
Ilu ya karɓa.
Matarsa na kwance a asibitin Idi-Araba,
duk mun sani.
Da safe ya zauna a ƙarshen benci, kai a ƙasa.
Na zuba masa shayi, na ƙara madara,
ban rubuta ba.
Kafin azahar ya faɗa mana wanda ya aiko,
da sauran ƙofofin da za a ƙwanƙwasa.

Lauyar da kuɗinmu ya kai gare ta yarinya ce,
Titilayo, takalminta ya sha ƙasa.
Ta ce, "Ina shaidar kun daɗe a nan?"
Muka dubi juna.
Takardar talaka a Ikko, ambaliya ke karanta ta.

Sai na tuna ledar ƙarƙashin katifa.
Littafi goma sha ɗaya, duk na bashi,
da suna, da kwanan wata, da ajamina mai karkata:
Barau, shayi da rabin burodi, ranar sunan 'yarsa.
Ndubisi, ƙwai biyu, shekarar da wuta ta ci layin katako.
Marigayi Tanko, naira arba'in, na yafe.
Ta yi ta buɗawa, ta daina magana.
Barau ya ƙyalƙyale har da hawaye:
"Ashe taurin bashina ne zai tsaya mana!"

Danfo uku muka cika zuwa kotu,
kowa da rigar sallarsa ko ta cocinsa.
Lauyoyinsa shida, turarensu ya riga su shiga.
Alƙali ya ce a dakata da rusau,
ya ɗage zama zuwa bayan damina.

Ban ce mun ci ba.
Kuɗinsa ba ya barci, mu muna gyangyaɗi,
shi ya sa muke gadin juna bi da bi,
gwangwani kuma bai daina zagaye ba.

Katafilar na nan a bakin titi, ciyawa ta fara lasar ta.
Direbanta ya zo jiya da magariba,
ya ce shi ma ɗan haya ne a Ajegunle,
ya sha shayi, ya lalube aljihu, babu.

Na buɗe littafi na goma sha biyu.
Na ce, "Faɗa mini sunanka."