Fijon Baba da Muryar Aro

Hamajoda ya ce injin ya gama,
ya goge hannu a wando, bai dube ni ba.
Shekara arba'in da tara tana hawa gadar Binuwai,
kowace Lahadi ta kai Baba kasuwar Fitowa,
ta dawo da buhun gyaɗa da akuya a baya.
Yanzu in na murɗa makulli sai tari,
irin tarin Baba a watansa na ƙarshe.

Muka samo wani a bayan Yelwa,
na wata Toyota da ta kife a hanyar Marwa.
Kwana goma sha ɗaya ana yanka, ana walda,
ana zagin noti da harshe uku.
Ranar da ta tashi yaran gareji suka yi ihu,
ni kuwa na tsaya ina jin baƙuwar murya
daga bakin da na sani tun ina rarrafe.

A ofishin sufuri, ƙarƙashin fanka mai fiffike biyu,
ma'aikacin ya buɗe katin motar da farce
don kada ya rabe a ninkinsa.
Ya karanta lamba, ya fita ya leƙa,
ya dawo ya ce: wannan ba ita ba ce.
Na ce ita ce.
Ga lotsawar da ta samu a Lagdo shekarar ambaliya,
ga ƙunar sigarin kawu a kujerar gaba.
Ya ce takarda ba ta san kawu ba.
Kawo rasit, kawo shaidar duwan,
kawo mai motar da ta kife ya sa hannu.
Na ce ya tafi da hannunsa ƙasa.
Ya ce to, kawo wanda ya gaje shi.

Na same ta a Rumde Ajiya tana tankaɗe,
Inna Dudu, garin masara har gwiwar hannu.
Ta dangwala yatsa, ba ta tambayi ko dala ba.
Na juya zan tafi, ta ce: ɗan tayar min in ji.
Na tayar.
Ta dafa ƙofar gida.
Ta ce haka yake yi in ya shigo lungu,
kafin ya kashe sai ya taka sau biyu.
Na taka sau biyu.

Wajen inshora Jaratu ta ce: shekararta nawa?
Na ce wane ɓangare?
Ba ta yi dariya ba. Ta ce doki nawa?
Da tara ne, yanzu sha ɗaya,
kowane doki da jikar da yake ci a shekara,
ga shi Baba ko jaki bai taɓa ɗaurewa ba.
Na ce in ta ƙone, nawa za ku ba ni?
Ta duba littafi gaba da baya,
littafin bai kai tsufan motar ba.
Ta ce mu dai wanda ka buge muke biya,
sauran ka bar wa Allah.

Wata uku, tambari bakwai, takalmi ɗaya.
Sabon kati ya fito da sunana da lambar mijinta.

Tsohon injin yana gindin dogon-yaro,
kaza ta yi ƙwai huɗu a inda kabureta take.
Na ɗora farar takarda a kan lambarsa,
na goga fensir har ta fito,
na ninke, na sa a aljihun ƙofa.
Babu jandarman da zai tambaye ta.

Ran Lahadi nakan biya ta lungunta.
Ba ta da abin saye a Fitowa, ni ma haka.
Tana zama a kan ƙunar sigarin kawu,
in mun hau gada sai ta rufe ido tana saurare,
ni kuma in riƙe sitiyari
daidai inda tafin Baba ya cinye fata.